Gidan Limamin Haworth: Bangon da Charlotte Ta Matsar da Ɓangaren da Wade Ya Ƙara

Duk wanda ya tsaya a ɗan lambun da ke gaban gidan limamin cocin Haworth, a yammacin Yorkshire ta ƙasar Ingila, zai gane cewa gini biyu ne aka manne wuri guda. Na hagu shi ne tsohon. Ƙofa ce a tsakiya da ɗan ado mai kusurwa uku a samanta, taga biyu a damanta, biyu a hagunta, biyar a jere a bene, kowace da gilasai ƙanana a cikin firam, irin wadda ake turawa sama a buɗe. Komai an auna shi, dama ta yi daidai da hagu, kamar yadda magina na ƙarni na 18 suke so. Na dama kuwa ya ɗara shi tsayi, goshinsa mai tsini ne, tagoginsa manya, kuma bai damu da ya yi kama da ɗan'uwansa ba. An gina na farko a tsakanin 1778 da 1779, aka ƙara na biyu a 1878. Shekara ɗari ce a tsakaninsu, kuma da ido ake ganinta.

Yawancin masu zuwa nan ba ginin ne ya kawo su ba. Sun zo ne saboda 'yan mata uku da suka girma a cikinsa, Charlotte da Emily da Anne Brontë, waɗanda a 1847 kowaccensu ta fitar da littafin da har yau ake karantawa: Jane Eyre, da Wuthering Heights, da Agnes Grey. Ɗalibanmu da suka zana jarrabawar adabin Turanci ta WAEC a tsakanin 2021 da 2025 sun sha fama da littafin Emily, to a ɗakin cin abinci na wannan gida aka rubuta shi. Ni dai bangayen ne suka fi jan hankalina, domin a jikinsu ake karanta wanda ya samu kuɗi, da wanda ya samu iko, da abin da kowannensu ya yi da gidan da ba nasa ba.

Garin a kan gangaren tudu yake. Daga Keighley ana iya shiga bas, ko tsohon jirgin ƙasa mai tururi da ke bin kwarin Worth, amma ko ta ina aka zo sai an hau babban titin da ƙafa, titi mai tsananin hawa da aka shimfiɗe da duwatsu 'yan yanka-yanka domin kofaton doki ya samu abin kamawa. Gidajen gefe da gefe duk na dutse ne, dutsen yankin mai kaushi, wanda hayaƙin kwal na masaƙun ulu ya baƙanta tun da daɗewa. A ƙarshen hawan akwai coci, bayan coci maƙabarta, bayan maƙabarta gidan limami, bayan gidan kuma sai tsaunuka fetal, ba itace, sai ciyawa da iska. A zamanin iyalin Brontë wannan gida ne ƙarshen gari. Ƙofarsa na kallon gabas, wajen coci, kaburbura kuma sun zo har jikin katangar lambun ta ɓangare biyu.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya riƙe shi ne, gidan bai taɓa zama mallakin mahaifinsu, limami Patrick Brontë, ba. Na muƙami ne. An gina shi ne domin limami John Richardson, kuma duk wanda aka naɗa bayansa shi zai shiga. Patrick, mutumin Ailan da ya taso cikin talauci har ya kai Jami'ar Kambirij, ya tare a nan a watan Afrilun 1820 da matarsa Maria da 'ya'ya shida, a kan albashin kusan fam 170 a shekara da gida kyauta. Halinsa ɗaya da ma'aikacin da ke zaune a kwatas ɗin gwamnati: ranar da aiki ya ƙare, ranar iyali za su fara ɗaure kaya. 'Ya'yansa mata sun san cewa duk ranar da mahaifinsu ya rasu ba su da wurin kwana, kuma wannan fargaba ce ta tura su aikin koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajen mutane, ta kai Charlotte da Emily har Brussels neman ilmin buɗe makaranta.

Da shiga ƙofa sai wani siririn zaure mai daɓen faffaɗan dutse, yana miƙewa zuwa matakalar bene, ita ma ta dutse. Tsarin mai sauƙi ne: ɗaki huɗu a ƙasa, biyu a gaba, biyu a baya, sama ma kusan haka. A dama ɗakin karatun Patrick yake, inda yake ganawa da mutanen gari, da ƙaramar fiyano da 'ya'yan suke kaɗawa, da gilashin ƙara girman rubutu da ya dogara da shi lokacin da yana ta rufe masa ido, kafin a yi masa aiki a Manchester a 1846. A hagu ɗakin cin abinci ne. Ƙawar Charlotte, Ellen Nussey, wadda ta fara ziyartar gidan a 1833, ta bar bayanin yadda ta same shi: babu labule a tagogi, kafet kaɗan ne, bango ba takardar ado sai shafen launi mai kama da na kurciya, ga tsabta ƙal. Rashin labulen ba talauci kaɗai ba ne. Patrick mutum ne mai tsananin tsoron gobara, domin aikinsa ya sa ya binne yaran da tufafinsu suka kama wuta, ga gida cike da 'yan mata masu dogayen riguna da kyandir a hannu. Sai ya bar tagogin da marufin katako kawai.

Zauren nan ya fi yadda aka gina shi ƙunci, kuma a nan labarin gyare-gyaren ya fara. A cikin wata tara kacal, daga Satumbar 1848 zuwa Mayun 1849, ɗan'uwansu Branwell ya rasu, Emily ta bi shi a Disamba, Anne ta cika a Scarborough. Uwar ta riga ta rasu tun 1821, manyan 'ya'ya biyu, Maria da Elizabeth, a 1825. Charlotte ce kaɗai ta rage wa mahaifinta, kuma a karon farko akwai kuɗi a hannunta, domin kamfanin Smith, Elder ya biya ta fam 500 a kan Jane Eyre, kusan albashin Patrick na shekara uku. A 1850 magina suka shigo. Aka gyara rufi, aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakin cin abinci da zaure, aka sake tayar da shi can cikin zauren, ɗakin ya samu faɗi. Daga nan labule ya shigo gidan, ja mai duhu, da kafet. Elizabeth Gaskell, wadda ta zo a 1853 kuma daga baya ta rubuta tarihin rayuwar Charlotte, ta yaba yadda jan launin ya ɗumama ɗakin, ga toka-tokan sanyin da ke waje.

Na daɗe tsaye a bakin igiyar da ta tare ƙofar wannan ɗaki. Teburin da ke tsakiya shi ne ainihin wanda suka yi rubutu a kansa, da tabon tawada, da ƙunar kyandir, da harafin E da aka sassaƙa a jikinsa. Ya bar gidan a gwanjon 1861, bai dawo ba sai 2015, lokacin da wani asusun adana kayan gado na ƙasa ya bayar da fam 580,000 aka saye shi. Wannan tebur suke zagayawa da dare bayan mahaifinsu ya hau sama, suna karanta wa juna abin da suka rubuta. Ga kuma doguwar kujerar da ake cewa a kanta Emily ta cika. Amma ɗakin da ake gani ba shi Emily da Anne suka sani ba. Nasu ya fi wannan matsi, bai da labule. Wanda ya samu faɗi shi ne na Charlotte ita kaɗai, wadda masu aikin gidan suka ce ta ci gaba da zagaya teburin da dare bayan babu kowa. Ta faɗaɗa ɗakin a daidai lokacin da masu zama a cikinsa suka ƙare, kuma ban ga wani abu a gidan da ya fi wannan taɓa zuciya ba.

Bango idan ya matsa a ƙasa, dole na sama ya bi shi. A bene, a saman zaure, akwai wani ɗan ɗaki da masu aiki suke kira ɗakin karatun yara. Yau kusan kowa ya leƙa sai ya yi mamakin ƙanƙantarsa, ya tausaya wa yaran da suka yi wasa a wannan lungu. Gaskiyar ita ce a lokacinsu ya fi haka faɗi. Gyaran 1850 ne ya yanke shi domin a ƙara wa ɗakin kwanan da ke saman ɗakin cin abinci, wanda ya zama na Charlotte. A jikin filastar bangon akwai 'yan zane-zanen fensir da suka dusashe, ana kyautata zaton na yaran ne. Ɗakin da aka faɗaɗa ɗin kuwa a cikinsa mahaifiyarsu ta rasu, a cikinsa innarsu Elizabeth Branwell ta zauna har ta rasu a 1842, a cikinsa kuma Charlotte ta cika ranar 31 ga Maris 1855, tana da shekara 38, da ƙaramin ciki.

Gyara na biyu da ta yi na aure ne. A bayan ɗakin cin abinci akwai wani sito da ake ajiye makamashi, ba murhu, ba ado. Da ta amince za ta auri mataimakin mahaifinta, Arthur Bell Nicholls, kuma aka shirya cewa ango ne zai tare a gidan domin kada a bar tsoho shi kaɗai, sai ta mayar da siton ɗakin karatunsa. Aka sa murhu, aka manna takardar bango, ita da kanta ta ɗinka labulen kore da fari. An ɗaura auren ranar 29 ga Yuni 1854. Wata tara suka yi tare. Ɗaki ne ƙarami, masu ziyara kan wuce shi da sauri, amma shi kaɗai ne a gidan wanda aka shirya shi da murna.

Ta tagogin bene ake ganin maƙabartar sosai, kuma nan ma ido na iya ruɗin mutum. Manyan itatuwan da suka yi mata inuwa yanzu babu su a zamanin Brontë. Bayansu aka dasa. Abin da suke gani shi ne fili tsirara cike da shimfiɗaɗɗun duwatsun kabari. Patrick na cikin waɗanda suka matsa wa hukuma ta turo mai bincike, kuma a 1850 Benjamin Herschel Babbage ya zo ya duba lafiyar garin. Ya tarar matsakaicin shekarun da mutum ke mutuwa a Haworth 25.8 ne, kuma fiye da kashi 41 cikin ɗari na yara ba sa kaiwa shekara shida. Ƙazanta na gangarowa a titi, gidaje da yawa na raba masai ɗaya, maƙabartar ta cika ta batse, ga ta a saman tudu, ruwan shan gari kuma a ƙasanta. Gidan limami yana da rijiyarsa da masansa a bayan gida, abin da yawancin mutanen gari ba su da shi. Da ma'aunin Haworth na wancan lokaci gidan manya ne, duk da haka Patrick ya rasa matarsa da 'ya'yansa shida kafin ya rasu a Yunin 1861 yana da shekara 84.

Abin da 'ya'yan suka yi ta tsoro ya faru a kan surukin. Amintattun cocin ba su ba Nicholls muƙamin ba, suka zaɓi John Wade. Nicholls ya kwashe abin da ya ga dama ya koma Ailan, sauran kayan aka yi gwanjonsu. Wade ya riƙe cocin daga 1861 zuwa 1898, kusan tsawon zaman Patrick, kuma shi ne mutumin da masoyan Brontë suka fi jin haushi. Shi ya gina dogon ɓangaren nan na arewa a 1878, da babban ɗakin cin abinci a ƙasa da ɗakunan kwana a sama. Domin a samu hanyar shiga sabon ginin sai kicin ya zama mashiga: aka cire babban murhun girki, aka toshe tagar da ke kallon tsaunuka, aka rushe kicin ɗin baya inda ake wanki. A kicin ɗin da ya zama mashiga ne Emily take kwaɓa burodi da littafin Jamusanci a jingine a gabanta, a nan kuma tsohuwar mai aikinsu Tabitha Aykroyd take ba su labaran ƙauye. Ƙananan gilasan tagogin gaba ma an sauya su da manya irin na yayin lokacin, sai daga baya aka mayar da tsohon fasali. A 1879 kuma aka rushe cocin kanta, hasumiya kaɗai aka bari, aka gina sabuwa da aka kammala a 1881, duk da ƙorafin da ya taso daga sassan ƙasar.

Rushe cocin ban ga hanyar kare shi ba, ko da yake an kafa hujja da lafiyar masu ibada da gawarwakin da ke ƙarƙashin daɓe. A cikinta aka ɗaura auren Charlotte, a ƙarƙashinta iyalin suke kwance in ban da Anne, kuma ana iya gyara ta ba tare da an baje ta ba. Amma a kan gidan ina ganin an yi wa Wade rashin adalci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ba shi gida mai shekara tamanin da 'yan kai, mai sanyi, a bakin maƙabarta, domin ya zauna ya yi aiki, ba domin ya yi gadin tarihin wasu ba, ga baƙi suna ƙwanƙwasa masa ƙofa suna son ganin inda marubuciya ta kwana. Abin da ya yi shi ne abin da Charlotte ta yi shekara ashirin da takwas kafinsa: ya samu hali, ya gyara wurin zamansa. Ita ma ta rushe bango, ta yanke ɗakin da 'yan'uwanta suka yi wasa a ciki, kuma ba wanda ya zarge ta. Sannan Wade ya yi wani abu da ya cancanci yabo, ko da gangan ko ba da gangan ba. Bai ɗora wa tsohon gidan hawa ba, bai sake masa fuska ba, bai kuma yi ƙoƙarin sa sabon ya saje da tsohon ba. Ya ajiye nasa a gefe, da salon zamaninsa, yadda ko yaro zai nuna inda ginin 1778 ya tsaya.

Limamai uku suka biyo bayansa a gidan. A 1893 aka kafa Ƙungiyar Brontë, ta buɗe ɗan gidan tarihi a 1895 a saman wani banki a bakin babban titi. Sai a 1928 Sir James Roberts, ɗan yankin da ya yi arziki a harkar ulu har ya mallaki masaƙar Saltaire, ya sayi gidan a kan fam 3,000 ya miƙa wa ƙungiyar, aka buɗe shi ga jama'a ranar 4 ga Agusta. Daga nan kayan suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, daga zuriyar masu aikin gidan, daga gwanjo, daga Amurka inda Henry Bonnell na Philadelphia ya tara rubuce-rubucen hannu masu yawa. Wasu ba su dawo ba. Hoton 'yan matan uku da Branwell ya zana, wanda aka tsinta a naɗe a saman kabad a gidan Nicholls a 1914, yana Landan. Kwafinsa ne ke rataye a matakala, kusa da inda dogon agogo yake tsaye, wurin da Patrick ke tsayawa kowane dare ya ɗaura agogo kafin ya kwanta.

Ɓangaren Wade, wanda aka daɗe ana zagi, shi ne ya ɗauke wa tsofaffin ɗakunan nauyi. Ɗakin cin abincinsa ya zama laburaren masu bincike, samansa ya zama zauren nuni inda ake ajiye ƙananan littattafan da yaran suka ɗinka da hannu, masu rubutu sirara da sai da gilashi ake karantawa. Ba don shi ba, da akwatunan gilashi sun cika ɗakin Patrick da na Charlotte. A 1960 ƙungiyar da kanta ta ƙara wani gini a baya, wato ita ma ta bi sahun Wade lokacin da wuri ya yi mata kaɗan. A 2013 kuma aka sake yi wa ɗakunan ado bayan an kankare fenti da takardar bango hawa-hawa an duba su da na'ura, domin a gano launukan da ke wurin a zamanin iyalin. Ko a nan sai da aka yi zaɓi, domin gidan ya sauya kama a cikin shekara arba'in da ɗaya da suka yi a ciki, kuma yawancin abin da aka mayar na shekarun 1850 ne, bayan kuɗin Charlotte sun shigo.

Yau gidan yana cikin jerin gine-ginen da dokar Ingila ta kare, a daraja ta ɗaya, wadda kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari ne kawai na gine-ginen jerin suke samu. Tsarin ya samo asali daga dokokin tsara birane na 1944 da 1947, lokacin da bama-baman yaƙi suka nuna wa Turawan Ingila yadda gini ke ɓacewa a dare ɗaya. Kariyar ta shafi ciki da waje, kuma taɓa irin wannan gini ba da izinin hukuma ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Ta rufe bangon da Charlotte ta matsar, ta rufe murhun Nicholls, ta rufe ɓangaren Wade. Wanda zai so ya rushe ƙarin 1878 domin gidan ya koma yadda Emily ta san shi, sai ya nemi izini iri ɗaya da wanda zai so ya fasa tsohuwar ƙofar gaba, kuma da wuya a ba shi.